Taswirorin sojoji a yaƙin hamadar Masar da Libiya: yaya aka auna su, yaya aka yi aiki da su?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina nazarin fagen Arewacin Afirka na Yaƙin Duniya na Biyu, wato fafatawar da aka yi daga 1940 zuwa 1943 tun daga yammacin Masar, ta cikin Libiya, har kudancin Tunisiya, kuma nazarin ya kai ni ga hotunan wasu taswirorin da sojojin Birtaniya suka buga a wancan lokaci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da zarar an bar gaɓar Bahar Rum an nausa kudu, sai takardar ta zama kusan wayam: babu gari, babu kogi, babu hanya, sai wani siririn layi mai ɗigo-ɗigo da aka rubuta sunan mutum da shekara a gefensa, sai kuma sunan rijiya jefi-jefi. Wasu taswirorin kuwa an shafe su da launuka iri-iri, alhali ga dukkan alamu ba tsayin ƙasa launukan suke nunawa ba.

Su wa suka auna wannan ƙasa, kuma da wane kayan aiki? Wane amfani taswira za ta yi wa sojan da ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga ko itace ɗaya da zai gwada da abin da ke kan takardarsa ba? Na kuma ci karo da labarin cewa an yaudari Rommel, kwamandan sojojin Jamus da Italiya a fagen, da taswirar bogi a 1942, ina so in san ko hakan ya tabbata, ko kuwa ƙarin gishiri ne na bayan yaƙi. Zan yi godiya ga duk wanda ya ƙara mini haske.

Mai Awon Ƙasa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Zan ɗauki ɓangaren da ya shafi sana'ata, in bar batun Rommel ga masana tarihi.

A ganina wancan fili wayam yana cikin abubuwan da suka fi daraja a takardar, domin shaida ce cewa mai zanen bai rubuta abin da ba a auna ba. Layukan masu ɗigo-ɗigo kuwa sawun matafiya ne, kuma yawancinsu sun girmi yaƙin. A wancan zamani Hukumar Safiyo ta Masar tana da sashe na musamman na awon hamada a ƙarƙashin Dokta John Ball, wanda tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki da 'yan sintirin da ke yawo cikin ƙananan motocin Ford lokacin da Birtaniya ke faɗa da mayaƙan ɗarikar Sanusiyya a yammacin Masar. A 1923 Ahmad Hassanein Bey, ɗan ƙasar Masar, ya tashi da ayarin raƙuma daga Sallum, ya bi ta Jagbub da Kufra har ya ɓulla El Fasher a Darfur, yana auna matsayin zangonsa da taurari, kuma shi ne ya fara sa duwatsun Arkenu da Uwainat a taswira. Yarima Kamaluddin Husaini ya biyo baya da motoci, ya raɗa wa babban tsaunin Gilf Kebir suna. Daga ƙarshen shekarun 1920 Ralph Bagnold, hafsan sojan Birtaniya, da abokansa suka riƙa ƙetare Babban Tekun Yashi da motoci, wurin da jigayinsa suke miƙe ɗaruruwan kilomita, wasu tsayinsu ya kai mita 100. Patrick Clayton kuma ya yi shekaru kusan ashirin yana wa hukumar safiyon aiki a cikin wannan hamada. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, Bagnold ya samu izinin Janar Wavell, babban kwamandan Birtaniya a Gabas ta Tsakiya, a Alƙahira ya kafa rundunar sintiri mai cin dogon zango, wadda aka fi sani da LRDG, ya kuma kira waɗannan tsofaffin abokan tafiya, suka zo da ilimin da suka tara.

Game da tambayarki ta biyu, sojan hamada ba ya karanta taswira ta hanyar gwada ta da abin da idonsa yake gani. Aikinsa ya fi kama da na matuƙin jirgin ruwa a tsakiyar teku: shi ne zai lissafa inda yake, sa'annan ya ɗiga wurin a kan takarda. Kamfas mai maganaɗisu ba ya faɗin gaskiya a cikin mota, saboda ƙarfen jikinta da makaman da ta ɗauko suna jan allurar, kuma ba zai yiwu a riƙa tsayawa kowane lokaci ana fita nesa da mota don a duba shi ba. Saboda haka Bagnold ya ƙera kamfas na rana. Faifai ne zagayayye da aka raba digiri 360, da tsinken ƙarfe a tsaye a tsakiyarsa, an kafa shi a gaban mota inda rana take bugunsa, inuwar tsinken tana faɗawa kan lambar da ke nuna alƙiblar da motar ta fuskanta. Tunda rana tana tafiya, sai jagoran ya riƙa juya faifan lokaci-lokaci bisa jadawalin da ke nuna inda rana take a kowace sa'a. Wahalarsa tana zuwa da tsakar ranar bazara, lokacin da inuwa ta gajarce tana kuma saurin juyawa.

Jagoran yana zaune gefen direba da littafi a cinyarsa, duk sa'ad da mota ta karkata don kauce wa dutse ko yashi mai laushi, sai ya rubuta lokaci, da sabuwar alƙibla, da nisan da ma'aunin mota ya nuna. In an tsaya, ya jera waɗannan guntayen layuka a kan taswira ɗaya bayan ɗaya. Kuskure yana taruwa a hankali, musamman inda tayoyi suka yi ta juyawa a yashi ma'auni yana ƙirga tafiyar da ba a yi ba. Shi ya sa da dare, bayan kowa ya ci abinci ya kwanta, shi sai ya kafa na'urar awon kusurwa da muke kira tiyodolait, ya auna tsayin wasu taurari, mai rediyo kuma ya kamo masa siginar lokaci don ya san kuskuren agogonsa. Lokacin nan ba abin wasa ba ne. Duniya tana juya digiri 15 a kowace sa'a, saboda haka kuskuren daƙiƙa 4 a agogo yana kawar da mutum kimanin kilomita 1.6 gabas ko yamma a yankin arewacin Masar. Abin da jagora ya rubuta a wannan littafi, in an dawo sansani, shi ake miƙa wa masu zane, ya zama sabon layi a bugu na gaba.

Taswirorin Italiya na Libiya suna da kyau kusa da teku, amma can ciki 'yan sintirin sun sha kokawa cewa an zana duwatsu da kwaruruka a inda babu su. Ni dai na fi amincewa da takardar da ta yi shiru a kan wadda ta cike gurbi da zato.

Abu Safwan ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, Malam Mai Awon Ƙasa. Na yarda da bayaninka, amma ina da ja a kan abu ɗaya, zan zo gare shi bayan na amsa batun launuka.

Malama, waɗancan taswirori masu launi suna amsa tambayar da ta fi damun kwamandan da ke da dubban motoci, wato ko ƙasar za ta ɗauki taya. Wanda bai san hamada ba yana ɗaukar ta yashi ce zalla, alhali kuwa iri-iri ce. Akwai shimfiɗaɗɗen fako mai tsakuwa inda mota za ta yi gudu kamar a kan kwalta. Akwai fili mai duwatsu masu kaifi da ke yaga taya su karya sifirin. Akwai yashi mai laushi inda dole a sassauta iskar tayoyi, a riƙa shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashinsu ana tura mota taku-taku, mai kuma yana ƙonewa ninkin yadda aka saba. Akwai kuma fadamar gishiri, wadda samanta ɓawo ne busasshe, ƙasanta taɓo, motar farko ta wuce lafiya, ta goma ta nutse har gindi. Sai aka ba kowane irin ƙasa launinsa, daga wadda ake bi da sauri, zuwa wadda ake bi a hankali, zuwa wadda ba ta biyuwa sam. Hatta wurin da aka ja daga a El Alamein, a gaɓar tekun Masar, irin ƙasar ce ta zaɓe shi, domin daga bakin teku zuwa gangaren Ƙattara kimanin kilomita 60 ne kawai, ita kuwa Ƙattara, wadda sashen Dokta Ball ya auna a shekarun 1920, kwari ne da mafi zurfinsa ya kai mita 133 ƙasa da doron teku, cike da fadamar gishiri da yashi, babbar runduna ba ta iya zagayawa ta cikinsa.

Labarin taswirar bogi kuwa yana da tushe. Kafin yaƙin Alam el Halfa, wani tudu kusa da El Alamein, hafsoshin runduna ta takwas ta Birtaniya sun shirya taswira irin wannan mai launi, suka nuna yashi mai laushi na yankin Ragil a matsayin ƙasa mai ƙarfi, aka bar ta cikin wata motar leƙen asiri da aka sa ta taka nakiya a inda Jamusawa za su tsince ta. Ana danganta dabarar ga Freddie de Guingand, shugaban hafsoshin Janar Montgomery, kwamandan wannan runduna. Rommel ya kawo hari a daren 30 ga Agustan 1942, tankokinsa sun sha wahalar yashi, kuma daga 2 ga Satumba ya fara ja da baya. Inda masana suka rabu shi ne ko taswirar ce ta jawo hakan. Ni ina tare da masu cewa tasirinta kaɗan ne, domin filayen nakiya sun fi yadda Jamusawa suka zata faɗi, sun cinye musu daren da suke buƙata, jiragen sama sun yi ta yi musu ruwan bama-bamai dare da rana, man da aka yi wa Rommel alkawari bai iso ba, kuma Montgomery ya riga ya san shirin ta hanyar saƙonnin sirrin Jamus da ake warwarewa. Wannan na ƙarshe an ɓoye shi har shekarun 1970, don haka ba abin mamaki ba ne marubutan farko sun ba taswirar girman da ya wuce nata.

Jan da nake da shi, Malam, shi ne wancan fili wayam gaskiya yake faɗa a hannun safiyo, amma a teburin kwamanda sau da yawa ana karanta shi da ma'anar ba a iya wucewa. Italiyawa sun ɗauka Tekun Yashi katanga ce da ta tsare musu kudancin Libiya, sai ga 'yan LRDG sun ratsa shi, sun haɗu da sojojin Faransa masu biyayya ga de Gaulle da suka taso daga Chadi, suka afka wa sansanin Italiya na Murzuk a kudancin Libiya a ranar 11 ga Janairun 1941.

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah Ya ƙara basira. Saura abu ɗaya. A labaran manyan gwabzawa ina ganin wuraren da ba su da suna sai lamba, kamar 29 da 44 a El Alamein, ko 175 a Sidi Rezegh, kuma umarnin da ake ba bataliyoyi cike yake da jerin lambobi shida ko takwas. Shin duk abu ɗaya ne? Kuma irin lissafin jagoran sintiri, mai yiwuwar kuskuren kilomita ɗaya, ya isa a harba igwa da shi?

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

'Yata, bai isa ba ko kusa, kuma tambayarki ta taɓa ainihin bambancin taswirar tafiya da taswirar faɗa. A taswira mai ma'aunin 1:500,000, irin wadda 'yan sintiri suke riƙewa, santimita ɗaya kilomita 5 ne, kaurin layin fensiri kaɗai ya kai ɗaruruwan mita. Masu igwa suna buƙatar 1:50,000 ko 1:25,000, suna kuma buƙatar kowace igwa ta san inda take a kan lissafi ɗaya da sauran.

Lambobi irin 29 da 175 tsayin wuri ne a mita daga doron teku, wanda masu awo suka rubuta a gefen ɗigo. Tunda babu wani suna a kusa, sai lambar ta zama suna, aka yi ta zubar da jini a kan ɗan tudun da bai fi kewayensa da 'yan mitoci ba, saboda wanda ya hau shi yana hangen kilomitoci. Jerin lambobin kuwa na layukan murabba'i ne da aka shimfiɗa a kan taswira. Masar ta raba ƙasarta shiyya-shiyya, kowace da sunan launi, kuma wadda aka yi aiki da ita daga El Alamein har yankin Tubruk ita ce ta shunayya, mai cibiya a mahaɗar digiri 27 gabas da digiri 30 arewa. An ba wannan cibiya lamba 700 ta gabas da 200 ta arewa, a kilomita, shi ya sa za ki ga lambobin El Alamein suna farawa da ɗari takwas da wani abu, suna ƙarewa da kusan ɗari uku. Lamba shida tana kai mutum murabba'i mai faɗin kilomita ɗaya, lamba takwas tana rage shi zuwa mita 100. In aka ƙara nausawa yamma sai a koma tsarin Libiya, kuma wanda ya karanta lambar wani tsari a kan takardar wani, ya tura mutane inda ba a aike su ba.

Kafin 23 ga Oktoban 1942, ranar da Birtaniya ta fara babban harinta a El Alamein, masu awo sun kafa alamomi a fili, tarin duwatsu da gangunan mai masu lamba, kowace an san matsayinta daidai, daga su ake auna mazaunin kowace igwa. Wasu kuma suna gano igwogin abokan gaba ta hanyar auna walƙiyar bakinsu daga wurare da dama a lokaci ɗaya, ko ta bambancin lokacin da ƙararsu take isa ga na'urorin sauraro da aka jera. Da ƙarfe 9:40 na daren nan igwa kusan 900 suka buɗe wuta, kuma mintocin farko a kan igwogin Jamus da Italiya aka sauke su, ba tare da an yi harbin gwaji da zai tona asiri ba. Wannan aikin lissafi ne tsantsa.

Duk da haka an yi ruɗani mai tsada a wurin da suka kira Kidney Ridge, saboda layin da ya kewaye shi a taswira ya yi kama da ƙoda. Mutane da yawa sun karanta shi a matsayin tudu, alhali ɗan kwari ne marar zurfi, suka yi ta neman tudun da babu shi. Runduna ta 51 ta 'yan Sikotlan da runduna ta ɗaya ta tankoki suka saɓa a kan inda suke tsaye, kowa da nasa lissafi. A daren 26 ga Oktoba bataliya ta biyu ta Rifle Brigade ta tafi kama wurin da ake kira Snipe, ta haƙa ramukanta kusan kilomita ɗaya daga inda aka nufa, da gari ya waye tankokin ɓangarenta suka fara harbinta kafin a gane. Bataliyar ta riƙe wurin yini guda, ta lalata tankoki masu yawa, amma taimakon igwa ya yi mata wuya saboda ba a tabbatar da inda take ba.

Mai Awon Ƙasa ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan wannan, kuma na karɓi gyaran Malam Abu Safwan. Abin da zan ƙara shi ne ƙasar da ke hannun abokan gaba daga sama ake auna ta. Rukuni na 60 na sojan saman Afirka ta Kudu ya yi fice wajen ɗaukar hotunan safiyo, jere-jere, kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi don a iya fitar da tudu da kwari. Matsalar ita ce hoto yana buƙatar aƙalla 'yan wurare da aka san matsayinsu a ƙasa kafin a ɗaure shi da layukan murabba'i, hamada kuwa ba ta cika bayar da irin waɗannan wurare ba, kuma hoto ba ya faɗin ko yashi zai ɗauki mota. A lokacin, babban wurin ɗab'i yana cikin kogunan Tura kusa da Alƙahira, tsofaffin ramukan haƙar dutse, inda kamfani na 512 na injiniyoyin safiyo ya kafa injinansa nesa da bama-bamai. Saboda haka, Malama, ki riƙa duba gefen kowace takarda, domin a nan ake rubuta lambar bugu da kwanan wata, sau da yawa har da ɗan zanen da ke nuna ɓangaren da aka auna a ƙasa, da wanda aka ɗauko daga hoto, da wanda aka kwafo daga taswirar Italiya.

Ummu Khalil ta rubuta:

'Yar'uwa, ina goyon bayan abin da Malam Abu Safwan ya faɗa, kuma misalin da ya fi ƙarfi a wurina yana Tunisiya. Faransawa sun gina layin tsaro na Mareth a ƙarshen shekarun 1930 don tare Italiyawan Libiya, daga teku zuwa duwatsun Matmata, bisa zaton cewa babbar runduna mai motoci ba za ta iya zagayawa ta bayan duwatsun ba. A Janairun 1943 Kyaftin Nick Wilder, ɗan Niyu Zilan a rundunar LRDG, ya gano mashigin da motoci za su bi, aka sa masa sunansa. A watan Maris, yayin da harin gaba da gaba ya cije a kwarin Zigzaou, Janar Freyberg, kwamandan sojojin Niyu Zilan, ya riga ya bi ta wannan mashigi da dubban motoci ya ɓulla mashigin Tebaga a bayan layin, aka ƙara masa tankoki, suka keta dagar abokan gaba a ranar 26 ga wata, dole masu tsaron Mareth suka janye.

Ilimin nan kuma ba ɓangare ɗaya ne ya mallake shi ba. László Almásy, ɗan ƙasar Hangari, ya yi tafiyar bincike tare da Clayton a 1932, amma a yaƙi ya yi wa Jamus aiki. A watan Mayun 1942 ya ɗauko 'yan leƙen asiri biyu daga Jalo a Libiya, ya bi ta mashigin Gilf Kebir da ya sani tun kafin yaƙi, ya sauke su a Asyut a bakin Kogin Nilu, ya kuma koma lafiya, ko da yake an kama mutanen biyu a Alƙahira bayan wata biyu.

Akwai kuma nau'in takardar da har yau ake nemanta, wato bayanan filayen nakiya. Jamusawa da Italiyawa sun binne nakiyoyi kusan rabin miliyan a gaban dagarsu ta El Alamein, ban da na Birtaniya, kuma Masar ta daɗe tana neman ƙasashen da suka yi yaƙin su ba ta taswirori da taimakon kwashewa. Ko inda takardun suka samu, amfaninsu yana raguwa, domin an auna filayen ne daga ganguna da tarin duwatsu da waya waɗanda tuni aka kwashe, iska da ambaliyar kwaruruka kuma sun gusar da nakiyoyin daga inda aka binne su, makiyayan Larabawan yankin Matruh da dabbobinsu ne suka fi shan illarsu.